Inda Gizo Ke Saƙa Wajen Koyon Turanci

Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin ɗaukar ma'aikata, ko kuwa ya leƙa ajin ƙarshe na makarantar sakandare, ya san wani abin takaici da ya daɗe yana damunmu a wannan sashe na ƙasa. Sai ka ga saurayi ya shigo da takardun shaida cike da jaka, ya yi shekara 12 yana karatu, 6 a firamare 6 a sakandare, amma da zarar an ce ya gabatar da kansa cikin jimla uku ta Turanci sai gumi ya karyo masa. Haka nan za ka ga akawu wanda ya daɗe a ofis, ya haddace yadda ake buɗe wasiƙar gwamnati da yadda ake rufe ta, amma in wayar ofis ta yi ƙara sai ya miƙa wa na kusa da shi.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Da Turanci ake rubuta dokokin ƙasa, da shi ake rubuta fayil a ma'aikatu, kuma sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya sa shi gaba a harkokin Majalisar Tarayya, ya bar Hausa da Ibo da Yarbanci sai ranar da aka yi musu tanadi. Ɗalibin da ya yi fice a lissafi da kimiyya, in bai sami kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Ma'aikaci kuwa yana iya sanin aikinsa ciki da bai, amma ranar jarrabawar ƙarin girma wanda bai kai shi ba ya wuce shi saboda iya baki kawai.

YADDA NA DA SUKA KOYA

Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa, kuma a kan wannan tafarki makarantun elemantare na Arewa suka daɗe suna tafiya. Yaro yakan iya karatu da rubutu da lissafi da harshensa tukuna, sai ya hau makarantar midil sannan Turanci ya zama abin yi gadan-gadan. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ta yi suna ƙwarai wajen horar da ɗalibanta furucin Turanci. A nan Sir Ahmadu Bello ya yi karatu, a nan kuma Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi daga 1928 zuwa 1933. Shi ne wanda ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi jawabin da har yau ake misali da shi, alhali kuwa shi ne dai wanda ya rubuta littafin Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Ashe ke nan ƙwarewa a harshen gida ba ta hana ƙwarewa a baƙon harshe.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu. Waɗancan ɗalibai 'yan kaɗan ne zaɓaɓɓu, suna kwana a makaranta, kuma masu harshen ne da kansu ke koya musu. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka yi ta kwarara makarantu fiye da yadda aka yi tsammani, malamai ƙwararru suka yi ƙaranci, aka shiga ɗauko duk wanda ya samu. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare, sannan a juya zuwa Turanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙara wa'adin harshen gida zuwa shekara 6, a watan Nuwamba na 2025 kuma ta janye wannan mataki. Ana ta wannan kai-komo, yaron da ke aji bai sami Hausar sosai ba, bai kuma sami Turancin ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara 6 ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ga baligi mai koyo shi ne, Hausar da ke bakinsa tsani ce. Yawancin kurakuran da Bahaushe ke yi a Turanci ba na dakiƙanci ba ne, ƙa'idar Hausa ce yake ɗorawa a kan harshen da ba nata ba. Wanda ya gane inda harsunan biyu suka raba hanya ya gama rabin aiki.

FURUCI

Hausa ba ta rarrabe "p" da "f", domin haka sai ka ji sakatare ya nemi "coffee" alhali "copy" yake nufi, ko ya ce "full" a maimakon "pull". Maganin abin a leɓe yake. Wajen furta "p" akan rufe leɓɓa biyu ruf sannan a sake su iska ta fito da ƙarfi, har in an riƙe 'yar takarda a gaban baki sai ta motsa. Wajen "f" kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Haka "v" take, sai dai ita da amon murya, kuma rashin lura da wannan shi ke mai da "vote" ta koma "boat". Sautin "th" shi ma babu shi a Hausa, shi ya sa "think" kan koma "sink". Sai an sa tsinin harshe tsakanin haƙora.

Wani abin kuma, gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, sai an cusa wasali a tsakani. Ta haka ne muka sami burodi da direba da birki. A Hausa wannan daidai ne, kalmomin sun zama namu, amma a Turanci sai a daure a furta baƙaƙen a haɗe. Wannan ya fi muhimmanci a ƙarshen kalma, domin wanda ya haɗiye ƙarshen "walked" ya mai da ita "walk" ya sauya lokacin aikin gaba ɗaya. Sai dai Bahaushe yana da wata riba da wasu ba su da ita: kunnensa ya saba da dogon wasali da gajere, kamar yadda yake rarrabe gari na mutane da garin tuwo, saboda haka "ship" da "sheep" ba za su ba shi wuya ba in an nuna masa.

NAHAWU

A nan ne gizo ya fi yin saƙa. A Hausa lokacin aiki yana jikin ɗan wakilin sunan da ke gaban aikatau: na saya, zan saya, nakan saya. Aikatau yana nan yadda yake. Turanci kuwa jikin aikatau yake taɓawa, "buy" ta koma "bought", "go" ta koma "went" ko "gone". Irin waɗannan aikatau masu bauɗewa sun kusa 200, amma waɗanda ake bukata kullum ba su da yawa, kuma babu wata dabara game da su sai hadda. Mai haddace biyar kowace rana zai gama da muhimmansu kafin wata ya ƙare.

Saboda Hausa ba ta barin wannan wakilin suna ko da an ambaci mai aikin, muna cewa Audu ya tafi, sai mai koyo ya ce "Audu he went". Turanci ba ya son wannan maimaici. Haka kuma kowane abu a Hausa ko namiji ne ko mace, mota mace ce, gida namiji ne, amma Turanci "it" yake kiran su duka. A ɗaya ɓangaren kuma, inda muke da kai da ke da ku, shi "you" kaɗai gare shi.

"Na ci abinci" jimla ɗaya ce a wurinmu, amma Turanci ya raba ta biyu. In an ambaci lokacin da ya wuce, kamar jiya ko bara, sai a ce "I ate". In kuwa ana nufin an riga an ci, kuma ƙoshin yana nan, sai a ce "I have eaten". Kuskure ne a haɗa "have eaten" da "yesterday", kuma wannan kuskure ya cika wasiƙun ofisoshinmu.

Game da "a" da "the" da ke rikita ɗalibai, Hausa tana da makamantansu. Idan ka ce wani yaro ya zo, ka kawo sabon mutum cikin zance, to wannan shi ne wurin "a boy". Idan ka ci gaba ka ce yaron ya zauna, wannan "n" da ka liƙa ita ce aikin "the". Bambancin kawai shi ne Hausa takan bar suna tsirara, Turanci kuwa ba ya barin tilon sunan abin da ake ƙirgawa haka nan.

Jam'in Turanci ya fi namu sauƙi nesa ba kusa ba, tun da yawanci "s" ake ƙarawa, mu kuwa muna da gidaje da motoci da littattafai da itatuwa. Amma mun saba cewa littafi biyu, mota uku, saboda haka bakinmu kan manta da "s" bayan adadi. Akwai kuma kalmomin da ba sa karɓar "s" ko kaɗan, kuma su ne na ofis: "information", "equipment", "furniture", "advice".

Sai kalmomi masu faɗin ma'ana. Bahaushe yana jin magana, yana jin yunwa, yana jin ƙanshi, yana jin Larabci, duk da aikatau guda. Turanci ya ba kowanne nasa: "hear", "feel", "smell", "understand". Muna shan ruwa, muna shan ƙwayar magani, muna shan taba, su kuwa "drink", "take" da "smoke". Aro ma haka: wanda ya ara "borrow" ya yi, wanda ya ara wa wani kuwa "lend" ya yi. Saboda wannan ne ya fi kyau a riƙa koyon kalma tare da abokan tafiyarta cikin jimla.

HIRAR YAU DA KULLUM

Gaisuwarmu doguwa ce, mu tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki. Ta Turanci gajeriya ce, kuma gajartarta ba wulaƙanci ba ne. Sannu da aiki ba "well done" ba ce, domin wannan yabo ne da akan yi bayan an gama abu da kyau. Wajen roƙo kuma, Bahaushe yakan tausasa umurni da "don Allah" ko da taushin murya, Turanci kuwa yakan mai da umurnin tambaya. Ma'aikacin da ya ce wa na gaba da shi "Give me the file" ya yi tsaurin ido ba da saninsa ba, abin da ya kamata ya ce shi ne "Could I have the file, please?"

Akwai wani tarko da ya isa ya jawo wa mutum takardar tuhuma. In shugaba ya ce da Hausa, "Ba ka aika da wasiƙar ba?" kana iya cewa "I, ban aika ba." A Turanci kuwa, in an tambaye ka "Didn't you send it?" ka ce "Yes", to ka shaida masa ka aika ke nan. Amsar wanda bai aika ba ita ce "No, I didn't."

ABIN YI

Harshe a baki yake zaune, saboda haka wanda bai buɗe baki ba ba zai iya ba, ko da ya haddace littafin nahawu tun daga bango har bango. Hanya mai sauƙi ita ce mutum ya saurari labaran duniya da Hausa, sannan ya kama tashar Turanci ya saurari labaran wannan rana. Tun da ya riga ya san abin da ya faru, kunnensa zai koma kan yadda aka faɗe shi. Ya kuma riƙa karanta sakin layi guda na jarida da babbar murya kowace rana, ya ɗauki muryarsa da wayar hannu ya saurara, zai ji kurakuran da ba ya ji lokacin da yake magana. Ƙamus ma wajibi ne, irin na Neil Skinner na Turanci da Hausa wanda ya fito a 1965, ko na Roxana Ma Newman na 1990. Minti 20 kowace rana ya fi awa 3 ranar Lahadi amfani.

Babban abin da ke daƙile mutane shi ne kunya da tsoron dariya. A makarantu da ofisoshi akwai masu jiran mutum ya yi tuntuɓen harshe su mai da shi abin ba'a, kuma sau da yawa su ma ba su tsira ba. Ya kamata malamai su tsawata wa irin waɗannan, su farfaɗo da ƙungiyoyin muhawara, su daina cin tarar yaro don ya yi Hausa, domin tarar ba ta koya masa Turanci, shiru kawai take koya masa. Shugabannin ma'aikatu kuma su tanadi darasin yamma ga ƙananan ma'aikata, su riƙa gyara musu rubutu a keɓe cikin mutunci. Masu iya magana sun ce gemu ba ya hana ilmi, kuma matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa mu dace.