Intanet har ɗakin ƙurya

A gidajenmu masu faɗi, sau da yawa Wi-Fi ba ya wuce zaure, domin katanga mai kauri da ƙofar ƙarfe suna tare shi. Kafin mu kashe kuɗi, mu ɗaga na'urar rarraba intanet sama a tsakiyar gida, mu zaɓi zangon 2.4 GHz, wanda ya fi 5 GHz ratsa bango.

Idan akwai tsohuwar na'ura a ajiye, muna iya sauya manhajar cikinta da OpenWrt, wadda aka fara a 2004, mu haɗa ta da ta farko da waya, rezo ya kai ɗakin ƙurya. Sai dai mu tabbata manhajar ta dace da samfurin na'urar, mu kuma zaɓi lokacin da wuta take tsaye, domin idan ta ɗauke ana cikin sauyin, na'urar tana iya mutuwa.