Ƙyanda a Ƙasar Matamaye: Daga Ɗakin Uwa Zuwa Rajistar Majo

A shekarar 2003 hukumomin lafiya na Nijar sun rubuta cewa mutum 50,138 ne suka kamu da ƙyanda a faɗin ƙasar, 201 daga ciki suka rasu. In aka bi wannan lissafi, cikin kowane mutum dubu da ciwon ya kama, huɗu kacal ne ke mutuwa. Wasu masu bincike ba su gamsu ba. Suka shiga ƙauyuka 22 na gundumar Mirya, maƙwabciyar Matamaye, suna bi gida-gida suna tambayar iyaye. Sun samu mutum 945 da suka yi ciwon, 92 a cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kusan ɗaya ke nan cikin goma, fiye da ninki ashirin na abin da takardun gwamnati suka nuna.

Ba wanda ya yi ƙarya a cikin ma'aikatan. Majo, wato ma'aikacin da ke riƙe da gidan likita, ya rubuta abin da idonsa ya gani: an kawo yaro da zazzaɓi da ƙuraje, an ba shi magani, an koma da shi gida. Bayan mako biyu ciwon huhu ko gudawa ya ɗauke yaron, aka yi masa sutura kafin la'asar, ba wanda ya taka zuwa likita ya ce a gyara rajista. Wanda kuma ba a taɓa kawowa ba, ko sunansa bai shiga ba. Wannan rata da ke tsakanin ɗakin uwa da rajistar majo ita ce babbar matsalar sa ido kan annoba a karkara, kuma ita ce ya kamata mutanen Matamaye su fahimta, domin su ne ke da ikon rage ta.

Matamaye ita ce hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, gundumar da ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum 400,000 a cikinta. Ƙasa ce ƙarama mai cunkoso, ƙauye na hango ƙauye. Daga garin tafiya kaɗan ce zuwa Ɗan Barto, a tsallaka Kwangwalam, a miƙe Daura da Kano. Aure ɗaya ne, kasuwa ɗaya, almajirai na kai da komowa, masu cin rani na fita bayan girbi su dawo da faɗuwar ruwa. Duk abin da ya kama yara a Jigawa ko Katsina, sai a sa ran ganinsa a nan, haka kuma daga nan zuwa can.

An ga haka a zahiri. Tsakanin 1 ga Nuwamba 2022 da 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce kan gaba da 342, Matamaye na biye da 98, a daidai lokacin da ciwon ke cin mutane a Jigawa. Da damina ta 2023 kuma mashaƙo, wanda ya riga ya addabi Kano, ya ɓulla a ƙasar Matamaye. A 2018 an samu yaran da shan inna ta shanye a Magarya da Tanut, gwaji ya nuna ƙwayar 'yar gida ɗaya ce da wadda ke yawo a Jigawa.

Sanƙarau da mashaƙo ƙwayoyin bakteriya ne ke kawo su, akwai maganin da ke kashe su in an zo da wuri. Ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, bairos ce kamar korona da shan inna. Babu allura ko ƙwaya da ke kashe ta a jiki. Abin da likita ke yi shi ne tallafar yaro har jikinsa ya ci ƙarfinta, da kuma tare cututtukan da ke biyo bayanta. Shi ya sa duk ƙarfin yaƙi da ita ya koma kan abu biyu, riga-kafi da saurin labari.

Saurin yaɗuwarta kuwa ba shi da na biyu. Yaro ɗaya na iya harbin mutum 12 zuwa 18 a inda ba a yi riga-kafi ba. In ya yi tari a ɗaki ya fita, ƙwayar na iya zama cikin iska har awa biyu. Cikin mutum goma marasa kariya da suka zauna da shi, tara za su kamu. Abin da ya fi wahalar da ma'aikata shi ne yaro na fara yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙurajen su fito, lokacin da uwa ke zaton mura ce ko zazzaɓin sauro, ya ci gaba har kwana huɗu bayan fitowarsu. Kafin a gane abin da ake ciki, ya je makarantar allo, ya je gidan suna a bayan uwarsa, ya kwana tabarma ɗaya da ƙannensa.

Lokacinta ma sananne ne. Da rani take tashi, ta lafa da saukar damina. A 2011 mujallar Science ta buga wani bincike da Nita Bharti da abokan aikinta suka yi, inda suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na hasken dare a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Suka ga biranen na ƙara haske da rani, lokacin da mutanen karkara ke kwararowa, kuma yaɗuwar ƙyanda na hawa da sauka tare da wannan haske. Abin da tsofaffi suka daɗe da lura da shi ne, sai ga shi an gani daga sama: taruwar jama'a ce ke tayar da ita.

To, yaya labari ke tafiya?

Tsarin da Nijar ke bi shi ne wanda ƙasashen Afirka suka amince da shi a 1998 a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, na haɗa sa ido kan cututtuka da ɗaukar mataki wuri guda. Matakin farko yana cikin ƙauye: rele, wato ɗan gari ko 'yar gari da aka horar, da ungozoma, da mai gari. Sama da su akwai ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar lafiya da ake kira CSI, inda majo yake. An ba ma'aikaci ma'auni mai sauƙi: duk wanda ya zo da zazzaɓi da ƙuraje a jiki, haɗe da tari ko majina ko jan ido, a ɗauke shi a matsayin mai ƙyanda har sai gwaji ya ce ba ita ba ce.

A nan ne ake aikin da ba a cika gani ba. Majo zai ɗaga rigar yaro, ya duba bayan kunne da goshi inda ƙurajen ke farawa, ya buɗe baki ya leƙa cikin kumatu. A baƙar fata ƙurajen ba sa yin ja sosai, sau da yawa sai ya shafa da hannu ya ji su gurji-gurji. Sannan tambayoyi: Inna, yaushe jikin ya fara zafi? Ina karnensa, wato katin riga-kafi? An yi masa allurar wata tara? Akwai wani mai irin wannan a gidan? Wa ya zo muku baƙunta, ko ku ina kuka je? Kowace amsa tana da gurbi a takarda. Sai a ɗebi jini kaɗan, a rubuta lamba a jikin kwalbar, a sa cikin akwatin sanyi, ya bi ta Matamaye da Damagaram zuwa ɗakin gwaje-gwaje a Yamai. Jinin da aka ɗeba cikin kwana 28 da fitowar ƙuraje ne ke nuna gaskiya.

Kowane mako CSI na aika ƙidayar cututtukan da doka ta wajabta a sanar zuwa ofishin lafiya na gunduma, daga nan zuwa na jiha, daga nan zuwa sashen sa ido da yaƙi da annoba na ma'aikatar lafiya. Da wayar salula ake yi yanzu, alƙaluman kuma su shiga manhajar DHIS2. Ko ba a ga kowa ba, dole a aika a ce sifili, domin shirun CSI na iya nufin lafiya lau, yana iya nufin majo ba ya nan ko waya ba caji. Akwai kuma iyaka da aka gindaya: mutum biyar da ake zargi cikin wata ɗaya a yanki ɗaya sun isa a tashi bincike, uku da gwaji ya tabbatar sun isa a ce annoba ce.

Tsari ne mai kyau a takarda, kuma in ya yi aiki yana ceton rayuka. Amma kowane mako da aka rasa yana da tsada, domin daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo kwana 10 zuwa 14 ne kawai, sai sabon zubi ya taso ya ninka na baya. A annobar Yamai ta 2003 zuwa 2004, wadda ta kama kusan mutum 11,000, sai da aka haura wata biyar kafin a fara gangamin riga-kafi. Ko a hakan ya rage ɓarna, masu bincike kuma suka nuna da an fara da wuri da dubbai sun tsira daga kamuwa.

Jinkirin farko dai a gida yake faruwa, kuma ba don iyaye ba sa son 'ya'yansu ba ne. A gidaje da yawa ana ganin ƙyanda ciwo ne da kowane yaro sai ya yi, magani kuma shi ne a taimaka mata ta fito. Sai a killace yaro a ɗaki, a hana shi wanka, a ba shi jiƙe-jiƙe, wani lokaci a ɗiga masa wani abu a ido. Killacewar tana da amfaninta, don tana rage cuɗanya da sauran yara. Illar ita ce a killace shi har ga ma'aikacin lafiya. Yaro na buƙatar sinadarin bitamin A sau biyu, yau da gobe, wanda ke kare ido daga makanta, yana kuma rage mutuwa. Yana buƙatar nono da ruwa da abinci ko da yana ƙi, da ruwan gishiri da sukari in gudawa ta shiga. A goge masa ido da ruwa mai tsabta kawai. In numfashi ya yi sauri, ko haƙarƙari na lotsawa, ko ya kasa shan nono, ko ya suma, ko ido ya yi fari-fari, ba a kwana da shi a gida. A yankin da tamowa ta yi katutu kamar kudancin Damagaram abin ya fi tsanani, domin ƙyanda na rama yaro, ramammen yaro kuma ita ta fi kayarwa.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Amma kuɗin kabu-kabu ba kyauta ba ne, kuma uwar da ta taɓa zuwa aka ce magani ya ƙare za ta yi nauyin ƙafa a karo na biyu. Duk mai ba jama'a shawara da bai san da wannan ba, maganarsa a iska za ta tafi. Akwai hakki a kan gidan likita ma: yaro mai ƙuraje bai kamata ya zauna benci ɗaya da jarirai masu jiran awo ba, sai a ware masa wuri a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Wanda ke isar da saƙon shi ma abin dubawa ne. Korona ta koyar da haka. Bayan samun mutum na farko a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, gwamnati ta hana sallar jam'i, umarni ya sauko daga Yamai ba tare da an zauna da malamai sosai ba, aka yi tarzoma a Mirya da wasu unguwannin Yamai, har aka sake buɗe masallatai a watan Mayu. Kano ma ta ga irin wannan a 2003, lokacin da aka dakatar da riga-kafin shan inna saboda jita-jita, ciwon ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Abin da ya gyara lamarin daga baya shi ne shigowar sarakuna da malamai, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna ranar 25 ga Agusta 2020. A ƙasar Kance, sanarwar da liman ya yi bayan sallar Juma'a, ko mai shela ya kewaya da ita da izinin mai gari, ko aka ji a rediyon gari da muryar wanda aka sani, ta fi takardar da aka manna a bangon likita isa cikin gida.

Riga-kafin kansa tun 1963 ake da shi, kuma sau biyu ake yi: a wata tara, sai na biyu bayan yaro ya shekara. Sai kashi 95 cikin ɗari na yara sun samu duka biyun gari ke samun kariya. Na biyun ne aka fi sakaci da shi, don yaro ya fara tafiya, uwa ta samu wani cikin, karne ya shige ƙasan akwati. Akwai kuma wata 'yar matsala a ɓangaren ma'aikata. Kwalba ɗaya ta yara goma ce, in an haɗa ta sai a zubar da ragowar bayan awa shida, shi ya sa wani ma'aikacin kan ce wa uwa ta dawo ranar da yara suka taru. Uwar da ta yi tafiyar awa biyu a ƙasa ba lalle ta dawo ba. Asarar rabin kwalba ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Da aka samu tsaiko a riga-kafi lokacin korona, sakamakon bai jima ba. A wata uku na farkon 2021 Nijar ta ƙirga mutum 3,213 masu ƙyanda, alhali a daidai wannan lokaci na 2020 ba su wuce 1,081 ba. A duniya baki ɗaya, an ƙiyasta ta kashe mutum 107,500 a 2023, akasarinsu yara ƙanana.

Idan annoba ta tabbata, gangami kan sauko da shekarun har zuwa jarirai 'yan wata shida, a kafa wurin allura a ƙofar mai gari, a makaranta, a kasuwa da tasha. Allurar da aka yi cikin kwana uku da cuɗanya da mai ciwo na iya hana kamuwa, don haka ƙannen mara lafiya da 'ya'yan maƙwabta su ne na farko da ya kamata a kai. Jaririn da aka yi wa a wata shida sai an sake masa a wata tara. Yaron da ya wuce lokacinsa kuma ba a cewa ya makara, ko karnen Najeriya ne a hannun uwarsa ko ma ba ta da kowanne, a kai shi CSI mafi kusa a gaya wa majo abin da aka sani.