Jiki Ya Dawo Gida, Hankali Yana Daji

Ranar da aka sako wanda masu garkuwa suka sace, gari kan cika da murna. A yi barka da arziki, a yi sadaka, kowa ya watse. Bayan wata uku sai iyalinsa su fara raɗa: ba ya barci, ƙarar babur tana firgita shi, yana hantarar 'ya'yansa ba gaira ba dalili. Daga fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 zuwa ɗaliban Kuriga na Maris 2024, Jihar Kaduna ta tara irin waɗannan bayin Allah.

A shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Richard Schwartz, ya lura cewa waɗanda yake jinya suna bayyana zuciyarsu tamkar gida mai mutane da yawa. A kan haka ya gina hanyar jinyarsa, ya fitar da littafi a 1995.

Duk wanda ya tashi a gidan gandu a Gazara ko Makarfi zai gane misalin. Akwai ɓangaren da ya sha azabar, aka kulle shi a ƙuryar ɗaki. Akwai masu gadi da ke hana a tuna, ta hanyar shiru, zargin kowa da aiki ba hutu. Akwai kuma masu kashe gobara: da zarar tunanin ya ɓalle, sai su rugo da fushi ko ƙwaya. Jinyar ba ta korar ko ɗaya daga cikinsu. Mai jinya yakan taimaki mutum ya koma mazaunin maigida cikin natsuwa, ya tambayi kowane ɓangare abin da yake tsoro, ya gode wa mai gadi, sannan da yardarsa ya buɗe wa na ƙurya ƙofa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu. Imam Gazali ya kwatanta zuciya da sarki mai runduna, malamanmu kuma sun daɗe suna karantar da matakan nafsu. Haƙurin da muke yi wa juna wasiyya da shi alheri ne, amma bai kamata ya zama kwaɗon da muke ƙara garƙame ɗakin da shi ba.

Binciken da aka yi kan wannan hanya bai kai na wasu hanyoyin yawa ba, kuma tono ciwo ba tare da ƙwararre ba yana iya fama shi. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa da Asibitin Koyarwa na Shika, ga kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023. Abin da ya rage shi ne hukuma ta horar da ma'aikatan asibitocin karkara su gane alamomin. Mu kuma idan ɗan'uwa ya dawo, kada mu tsaya ga barka. Mu koma bayan wata uku, mu zauna, mu saurare shi.