Allura da Zare a Bayan Dandamali

Kafin ɗan wasa ya buɗe baki, tufafinsa sun riga sun faɗa wa 'yan kallo ko shi wane ne. Rawani da alkyabba na sarki ne, ja da kore na dogari. Yaran Shinkafi sun daɗe da sanin haka: a tashen azumi, auduga ce gemun tsoho.

Matsalar ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantu ita ce kuɗin tela. Mafita tana kasuwar Alhamis: kayan gwanjo da ƙyallayen da teloli ke zubarwa. Ku ɗinka riga da faɗi, wando da mazagi, don su yi wa ɗan wasan bana da na baɗi. Ɗalibin da ya iya wannan ya kama hanyar sana'a.