Sandar arcade ta haɗin gida

Sandar arcade ta haɗin gida na'urar sarrafa wasan bidiyo ce da mutum ke haɗawa da kansa, bisa tsarin injinan wasa na gidajen arcade. Masu wasannin faɗa ne suka fi amfani da ita, irin su Street Fighter II da kamfanin Capcom ya fitar a 1991.

Ana yin akwatin da katako, a huda ramuka, a dasa sanda ɗaya da maɓallai 6 ko 8 masu faɗin milimita 30. Kayan da aka fi so na kamfanonin Sanwa da Seimitsu ne na Japan. A ƙarƙashin sandar akwai ƙananan makunnai 4: sama, ƙasa, hagu da dama.

Wahalar aikin tana wajen allon lantarki da ke kai saƙo ga na'urar wasan. A da, ana farke tsohuwar na'urar hannu a ciro allonta, a liƙa masa wayoyi da dalma. Yanzu akwai allunan kamfanin Brook, da manhajar kyauta ta GP2040-CE da ake ɗorawa a Raspberry Pi Pico. Sai dai PlayStation 4 takan katse na'urar da ba ta tantance ba bayan minti 8, shi ya sa masu haɗawa ke fara zaɓen allo kafin su sayi sauran kaya.