Kalmar "But" da Takwarorinta a Hausa

Ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa duk inda kalmar Ingilishi "but" ta fito, fassararta ita ce "amma". Wannan zato yana jawo kuskure, domin kalmar tana da ma'ana fiye da ɗaya.

Asalinta daga tsohon Ingilishi ne, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin shekarar 1100. A wancan zamani "butan" ake cewa, ma'anarta kuwa "a waje" ko "ban da". Daga baya ne ta zama mahaɗi mai nuna saɓani tsakanin magana biyu.

A yau tana da manyan ayyuka uku. Na farko, nuna saɓani: "He is old but strong", wato "Ya tsufa, amma da sauran ƙarfinsa." Na biyu, togewa, wadda ita ce tsohuwar ma'anarta: "Everyone came but Audu", wato "Kowa ya zo ban da Audu." Idan jimlar korarriya ce, da "sai" ake fassara ta: "Nobody came but Audu", wato "Ba wanda ya zo sai Audu." Na uku, taƙaitawa: "She is but a child", wato "Ita yarinya ce kawai."

Ita kuwa "amma", wadda Hausa ta aro daga Larabci, aiki na farko ne nata. Saboda haka, kafin ɗalibi ya fassara "but", ya fara tantance aikin da take yi a cikin jimlar: saɓani ne, ko togewa, ko taƙaitawa.