3.2 Gazawar Numfashi: Ire-irenta da Taimakon Farko

A ƙasar Fakku da kewayenta, duk wanda numfashinsa ya sarƙe akan ce fuka ce ta taso masa. Su kuwa masana ilimin likitanci sun kasa wannan matsala gida biyu.

Kashi na farko shi ne wanda huhu ke kasa shigar da isasshiyar iskar oksijin cikin jini, har awonta ya faɗi ƙasa da kashi 90 cikin 100. Ciwon haƙarƙari, wato limoniya, da tarin fuka da ƙyanda duk suna haddasa shi. Akan ga majinyaci yana haki, haƙarƙarinsa na lotsawa.

Kashi na biyu ya fi ruɗarwa. A nan gurɓatacciyar iskar da ya kamata a fitar ita ke taruwa a jini, saboda tsananin asma, ko daɗewa cikin hayaƙin itace da taba, ko gubar maganin feshi da manoma ke amfani da shi. Majinyaci yakan yi laushi, barci ya riƙa fizgarsa, 'yan'uwa su ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali kuwa jiki ne ya gaji.

Taimakon farko shi ne a zaunar da shi a jingine, a sassauta masa tufafi, a rage cunkoso. Turaren da akan yi wa irin wannan majinyaci ƙara toshe shi yake yi, ɗura kuwa takan sa ya shaƙe. Sai a gaggauta kai shi babban asibitin Tambuwal domin a sa masa oksijin. Idan abin ya faskara, a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.